Ciyawar Japan a Ingila da baƙuwar kainuwa a Yamai

Ranar da maƙwabcina a nan Ingila ya nuna mini wata ciyawa da ta kunno ta tsakanin duwatsun daɓen bayan gidansa, fuskarsa a murtuke, na ɗauka zuzutawa ce kawai. Karan ciyawar fanko ne kamar gora, da ɗigo-ɗigon ja, ga gaɓoɓi irin na karan dawa, kuma daga gaɓoɓin nan masu kama da ƙulli ta samo sunanta, knotweed, wato ciyawa mai ƙulli.

Asalinta Japan ne. Wani likita Bajamushe mai suna Siebold ya kawo ta Turai, aka riƙa dasa ta domin ado, a 1850 kuma ta isa lambun Kew da ke Landan. A nan ba ta iri take yaɗuwa ba. Guntun saiwa da bai kai ɗan yatsa ba, in ya bi ƙasar da aka kwasa zuwa wani wuri, ya isa ya tayar da sabon kurmi. Shi ya sa dokar 1981 ta haramta yaɗa ta a daji, bankuna kuma kan yi ɗari-ɗari da ba da bashin sayen gidan da ta kama.

Nan take hankalina ya koma Yamai. Duk wanda ya tsaya kan gadar Kennedy ya leƙa kogi ya san baƙuwar kainuwar nan mai shuɗin fure, wadda asalinta Kudancin Amurka ne, ita ma kyaun furen ne ya sa aka yawata da ita duniya. Na taɓa ganin Basarke yana jan komarsa, ta fito cike da ganye da baƙaƙen saiwoyi, babu kifi ko ɗaya, bayan ya sha wahalar tura kwalekwale da gora.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, a Ingila darajar gida ce ke faɗuwa amma doka ta tashi tsaye, mu kuwa abincin masunta da ruwan manoman shinkafa ake tarewa, muna cewa kainuwa dashen Allah. Wannan kam dashen mutum ce. A ganina, in matasa sun yi gayya sun tsamo ta, bai kamata a jibge ta a bakin gaɓa ruwa ya sake kwashewa ba. A kai ta tudu ta bushe, a mayar da ita taki ga masu lambu na Harobanda, ɓangaren Yamai da ke ƙetaren kogi.