Mako biyun da na koma ɗan aji a Ingila

A watan Yulin da ya wuce na ɗauki hutu daga wurin aiki, na shiga wani gajeren kwas na mako biyu kan lissafin ƙididdiga, irin wanda jami'o'in nan ke shirya wa masu binciken zamantakewa idan ɗalibai sun tafi dogon hutu. Gidajen rediyonmu kan kira wannan lokaci bazara, amma duk wanda ya tashi a ƙasar Katsina kamar ni ya san bazara ba haka take ba. A gida Yuli damina ce tsundum, ana ta maimai a gona. Nan kuwa sai ƙarfe tara na dare ta yi rana ba ta faɗi ba.

Tsarin ya daɗe. Jami'ar Michigan da ke Amurka ta fara nata tun 1963, ƙarƙashin cibiyar ICPSR mai adana bayanan bincike, Jami'ar Essex da ke Colchester kuma ta biyo baya a ƙarshen shekarun 1960. Nawa ba a ɗayansu na yi ba, a wata jami'a ce can arewacin Ingila, amma salon ya yi kama da nasu. Fanni ɗaya tak za ka zaɓa. Da safe darasi, da yamma a koma ɗakin kwamfuta, kowa ya buɗe bayanan binciken da ya zo da su, a yi ta fama har lissafi ya fita.

Kusa da ni wata farfesa ce ta zauna, kanta duk furfura. Rana ta biyu ta ɗaga hannu ta ce ba ta gane ba, a sake. Malamin bai kai shekarun ɗanta ba. Ya sake, ta ce har yanzu da saura, ya sake na uku. Babu wanda ya waiwaya ya dube ta, ni kaɗai ne abin ya ɗaure wa kai. Na tuna tarukan bita da na halarta a gida: a jira babban baƙo har ƙarfe sha ɗaya, a yi jawabai, a ɗauki hoto, a raba jaka, manya su shige motocinsu a bar ƙanana da mai gabatar da darasi, shi kuma ya zuba shafi sittin a allon majigi cikin awa guda. Rana ta uku a ba kowa takardar shaida da alawus. Ban taɓa ganin farfesa a gida ya zauna gaban kwamfuta yana kuskure a bainar ɗalibansa ba. Ba wai ba su da ilimi ba ne, girma ne ya tsare su, kuma mu ne muka ɗora musu shi.

Abin da na je koyo shi ne lissafi mai hawa-hawa, kuma misalin gida ya fi bayyana shi. Binciken lafiya da yawan jama'a da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi a Nijeriya a 2018 ya zanta da mata fiye da 41,000. To amma ba ɗai-ɗai aka tsince su a faɗin ƙasa ba. An fara zaɓen yankuna kusan 1,400, a kowane yanki aka ɗauki gida 30. Matan ƙauye ɗaya rijiya ɗaya suke ɗiba, asibiti ɗaya suke zuwa ko suke kasa zuwa, hanya ɗaya ce ke yankewa idan ruwa ya sauka. Dole amsoshinsu su yi kama. Idan ba ka gaya wa kwamfuta haka ba, za ta ɗauka tana da shaidu dubu arba'in da ba su san juna ba, sai ta ba ka tabbacin da bai kai haka ba. Lissafi mai hawa-hawa shi ke raba maka abin da ya taso daga ita matar, da wanda ya taso daga ƙauyensu, da wanda ya taso daga jiharsu. Mai son sanin dalilin da ya sa mata ke haihuwa a gida, wannan rabon shi ne kan magana, domin shi ke nuna ko matsalar wayar da kai ce ko kuwa titi da nisan asibiti.

Ina zaune ana wannan bayani kunya ta rufe ni. Digirina na biyu a gida na yi shi. Na ɗauko dabarar Taro Yamane ta ƙayyade yawan mutanen da za a tambaya, da kowa ke ɗaukowa, wadda idan ka amince da kuskuren kashi 5 cikin 100 take ba ka adadin da ba ya wuce 400 komai yawan jama'ar. Na raba takardun tambayoyi ɗari huɗu a unguwanni uku da suka fi min sauƙin shiga, na kai wa wani yaro mai shagon kwamfuta bakin ƙofar makaranta, ya juya su a manhajar ƙididdiga ta SPSS, ya miƙo min babi na huɗu, wato babin sakamakon bincike. Na biya shi, na haddace abin da zan faɗa ranar kare aiki, na ci. Ba na raina wannan yaro. Ya fi yawancinmu sanin aikin, kuma ba shi ya ce mu koyi ƙididdiga a allo ba tare da mun taɓa bayanai na gaske ko sau ɗaya ba.

Sai dai a mako na biyu na ga inda su ma suke ɗingishi. Aka zo maganar shekaru a matsayin adadin da ba a tababa a kansa. Na ce su duba bayanaina. Mutane sun taru a kan 30, 35, 40, 50, tsakaninsu kuma wayam. Masana yawan jama'a sun daɗe da sanin wannan, har suna da ma'auninsa, amma yawancin 'yan ajin ba su taɓa ganin yadda yake faruwa ba. Ni na gani. Na tsaya a zaure ina tambayar dattijo shekarunsa, ya ce shekarar da aka kashe Murtala yana da aure, sai ni na zauna ina lissafi daga 1976. Haka kalmar gida. A takarda iyali ɗaya ne masu cin tukunya ɗaya. A garinmu ƙofa ɗaya kan tattara maigida da ƙannensa uku da matansu, da rani kowa da tukunyarsa, da damina a haɗu a gandu. Wane gida mai tambaya ya rubuta? Sannan ka tambayi Bahaushe ko ya gamsu da halin rayuwarsa, ya ce maka sai godiya. A matakai biyar na gamsuwa, ina za ka ajiye sai godiya? Wanda ya ci ya ƙoshi haka zai ce, wanda ya kwana da yunwa ma haka zai ce. Babu dabarar lissafin da za ta ciro maka abin da ya ɓace tun a bakin zaure.

Shi ya sa ban yarda maganin shi ne a yi ta turo mutanenmu nan ba. Kuɗin kwas da jirgi da masauki da biza na mutum ɗaya zai ɗauki nauyin aji guda a Kano ko Zariya. Kuma tsarin ba baƙo ba ne a wurinmu. Karatun zaure ke nan: ka ji labarin malamin da ya ƙware a nahawu, ka je ka zauna gabansa har ka sauke littafi ɗaya, sannan ka nufi wani don fiƙihu. Dattijo mai almajirai kan durƙusa gaban wanda bai kai shi shekaru ba don ɗaukar fanni ɗaya, ba a ganin ya zubar da girma. Boko ce ta zo muka mayar da tambaya abin kunya.

Kayan aikin ma akwai. Manhajar ƙididdiga ta R kyauta ce, ba sai an nemi Stata, wadda ake saye da kuɗi, ta bayan fage ba. Afrobarometer, mai tattaro ra'ayoyin jama'a a ƙasashen Afirka, wadda ta fara aiki a 1999, tana sakin bayananta ga kowa, tana kuma shirya irin wannan horo ga masu bincike na Afirka. A Yamai akwai cibiyar LASDEL da ta yi suna wajen koyar da binciken zama da jama'a, wato daidai ɓangaren da ajinmu na nan ya rasa. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana bibiyar gidaje tare da Bankin Duniya tun 2010. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne kalanda. Michigan ta san watan da za ta yi nata shekara mai zuwa. Mu kuwa yajin aikin ASUU na 2022 kaɗai wata takwas ya ci, bayan na 2020, har dogon hutu ya zama abin da ba a iya sa wa rana. Ga shi binciken 2018 ɗin nan da nake yabo, daga jerin yankunan ƙidayar 2006 aka zaɓo samfurinsa, don tun daga lokacin ba a sake ƙidaya ba.

Da ni za a tambaya, sai in ce mako biyu, mutum ashirin, babu bikin buɗewa, babu alawus, a tanadi sola da intanet, kowa ya zo da bayanansa, kuma a sa masu tattaro bayanai a ƙauyuka su koyar kwana biyu daga ciki. Na gwada ƙaramin abu makamancin haka ta Zoom kowace Asabar da ɗaliban wani ƙanena da ke koyarwa a gida. Mun fara su tara. A zama na farko uku suka tambaya ko akwai satifiket, na ce babu, ban sake ganinsu ba. Yanzu saura huɗu. Ɗaya daga cikinsu ta turo min hoton allon kwamfutarta ranar Talata da dare, ta gano cewa rabin bambancin da take gani tsakanin makarantun da ta bincika daga ƙananan hukumomi biyu yake fitowa, tana tambaya ko ta koma can ta sake duba yadda aka cike takardun.