Sanin dalilin addini shi ke raba shi da al'ada

A Sakkwato, idan ɗalibi ya ce yana binciken dalilin da ya sa ɗan Adam yake da addini, manya da yawa kan ɗaure fuska, wasu har su ce boko ya fara taɓa masa aƙida. Ina ganin tsoron nan ya wuce kima, kuma yana jawo mana hasara.

Musulmi yana da amsarsa tun fil'azal. Aya ta 56 cikin Suratuz Zariyat ta ce Allah bai halicci aljannu da mutane ba sai don su bauta masa, hadisi kuma ya ce kowane jariri a kan fiɗira ake haihuwarsa. Wannan ita ce amsata, ba na shakka a kanta. Sai dai akwai tambaya ta biyu: idan addini ya sauka cikin jama'a, me yake yi musu? Nan ne masu falsafa da masana zamantakewa suka yi ta kai-kawo.

Karl Marx, masanin falsafa Bajamushe, ya ɗauki addini a matsayin abin da ke kashe wa talaka zafin wahala har ya haƙura da zalunci. Tarihin ƙasarmu bai goyi bayansa ba. Waɗanda suka yi tururuwa zuwa Ɗagel wurin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo sun haɗa da makiyaya da manoman da jangali da kuɗin gari suka gallaba, kuma Shehu ya ambaci irin waɗannan haraje-haraje a littafinsa Kitabul Farƙ a matsayin ɗabi'ar mulkin zalunci. Wa'azi ne ya tashe su tsaye. Émile Durkheim, Bafaranshen da ya yi rubutu a 1912, ya fi kusa da gaskiya da ya ce addini ne ke ɗaure jama'a wuri guda, ko da yake ya yi kuskure babba da ya mayar da jama'ar ita ce abin bautar. Tun a 1377 Ibn Khaldun, masanin tarihi haifaffen Tunis, ya riga shi bayyana cewa kiran addini yana kawar da hassada da gasar da ke tsakanin ƙabilu, ya maida fuskarsu alƙibla guda. Abin da ya faru ke nan daga hijirar Shehu zuwa Gudu a 1804 har faɗuwar Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808: Fulani da Hausawa da wasu Buzaye ƙarƙashin tuta ɗaya.

Daga nan addini ya ratsa komai namu. Da lokutan salla muke yanke alkawari, mu ce a haɗu bayan la'asar. Ranar bakwai ake raɗin suna, gado da ayoyin Suratun Nisa'i ake raba shi.

Abin da ke damuna shi ne hanyar tana da komowa. Kamar yadda addini ke gyara al'ada, haka al'ada ke aron rigar addini ta zauna a gaban sahu. Sadaki shi ne sharaɗin aure, amma yau akwatunan lefe ne ke hana saurayi aure shekara da shekaru, kuma idan ka yi magana sai a dube ka kamar ka taɓa sunna. Mafi ciwo shi ne karatun 'ya mace. Har yanzu a ƙauyukanmu akwai uban da ke cire 'yarsa daga makaranta yana ganin tsoron Allah ne ya sa shi. Alhali Shehu, a littafinsa Nurul Albab, ya yi kakkausan suka ga malaman da ke karantar da almajirai su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ita ta kafa 'Yan Taru, ƙungiyar karantar da mata, tana tura jajoji, wato malamai mata masu jagorantar ƙungiyar, ƙauyuka da waƙoƙin karantarwa. Wanda ya je ziyara Hubbare, inda kabarin Shehu yake, ya dawo ya kulle 'yarsa daga ilimi, wa yake bi?

Ba cewa nake a yaƙi al'ada ba. Mazhabar Malikiyya da muke kai tana karɓar al'adar gari matuƙar ba ta saɓa wa nassi ba, shi ya sa kunya da kara da girmama na gaba suka zauna daram cikin Musuluncinmu. Amma mutum ba zai iya tantance wadda za a riƙe da wadda za a zubar ba sai ya san abin da addinin ya zo ya tsare: imani, rai, hankali, zuriya da dukiya, kamar yadda malaman usulu, wato masana tushen fiƙihu, suka jera.

Don haka ina roƙon malamanmu na zaure da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo su daina korar wannan tambaya. Matasa suna cin karo da ita a wayoyinsu kullum, daga bakin mutanen da ba su san Ɗagel ba. Gara su fara jin ta a gaban malamin da ya karanta Ibn Khaldun da Durkheim duka biyu, wanda zai iya zama da su ya nuna musu inda kowanne ya dace da inda ya kauce.