Mai kwashe shara ba ya kashe maka famfo

'Yan uwa masu rubuta manhaja a Katsina da Daura, musamman ƙannenmu da ke karatun kwamfuta a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da Al-Qalam da Dutsin-Ma, akwai wata magana da ke yawo a guruf-guruf na WhatsApp wadda ba na so ta zauna muku a kai. Wai wanda ke rubutu da Java ko Python ko C# ba ruwansa da rufe abin da ya buɗe, kamar fayil, tunda yaren yana da mai kwashe shara, wato garbage collector. Rabin zancen gaskiya ne. Ɗaya rabin shi ke kayar da sabar a ranar da aka fi buƙatarta.

Mai kwashe shara ba sabon abu ba ne. John McCarthy ne ya ƙirƙiro shi wajen 1959 domin yaren Lisp, Java kuma ta kai shi ko'ina bayan fitowarta a 1995. Aikinsa ɗaya ne: ya bi memori ya gano abubuwan da babu sauran wanda ke riƙe da su, ya kwashe, ya mayar da gurbin. Kuma wallahi ya yi wa duniya rana. Duk wanda ya taɓa rubuta C, ya karɓi memori da malloc ya manta free, ko ya saki wuri ɗaya sau biyu, ya san ciwon kan da aka ɗauke mana. A 2019 Microsoft ta ce kusan kashi 70 cikin ɗari na ɓarakar tsaron da take toshewa duk shekara daga kuskuren sarrafa memori suke. Don haka ban zo zagin mai shara ba.

Abin da nake so ku lura da shi shi ne lokacin zuwansa. Ba ya zuwa don kai ka gama aiki. Yana zuwa ne idan ya ga bola ta fara cika. To kai ka buɗe famfo a tsakar gida ka fita, kana sa ran idan ya zo kwashe shara zai murɗe maka. Ko da yana da wannan kirkin, yaushe zai zo? Bola ba ta cika ba, tankinka kuwa ya ƙare tun hantsi.

Fayil da ka buɗe, haɗin da ka ƙulla da rumbun bayanai, soket (ƙofar sadarwa ta netiwok), makullin da ka riƙe don kada wani zare, wato wani sashen furogiram da ke gudana a lokaci guda, ya taɓa bayanai tare da kai, duk famfo ne. A cikin memori kowannensu ɗan ƙaramin abu ne, bai isa ya sa mai shara ya motsa ba. Amma abin da yake riƙe da shi a waje ƙididdigagge ne. A yawancin Linux, furogiram ɗaya fayil 1,024 aka yarje masa ya buɗe a lokaci guda in ba a ɗaga iyakar ba. A rumbunan bayanai kuwa, PostgreSQL yana zuwa da iyakar haɗi 100, MySQL kuma 151. Sai ka ga sabar mai memori gigabait 16, kusan duka a sake, amma ta ƙi karɓar kowa.

Na ga haka da idona a fotal ɗin wata makaranta mai zaman kanta a nan cikin gari. Duk zangon karatu lafiya lau yake aiki. Ranar da aka saki sakamako iyaye suka yi masa caa, ya tsaya cak. Mai makarantar har ya fara maganar ƙara kuɗin sabar. Da aka duba, a shafin sakamakon akwai wurin da idan an shigar da lambar ɗalibi ba daidai ba, kod ɗin yake komawa baya ba tare da ya saki haɗin rumbun bayanai ba. Kowane kuskuren yatsa, haɗi ɗaya ya tafi. Gyaran bai cika layi biyar ba.

Su kansu masu yarukan sun amsa wannan. Java ta fara da finalize, wato ka rubuta abin da za a yi idan mai shara ya zo kan abinka, sai aka gane ba wanda zai iya cewa yaushe, ko ma zai zo kafin furogiram ya mutu. A Java 7, shekarar 2011, aka kawo try mai rufe abin da ya buɗe da kansa, a Java 9 aka ce a daina amfani da finalize, a Java 18 aka sa masa alamar cirewa. Python ta kawo with tun 2006, C# tana da using, Go tana da defer, duk hanyoyin tabbatar da an rufe abin da aka buɗe da zarar an gama. Duk wannan don me, in da mai shara ya wadatar?

Python ma ta fi yaudarar mai koyo. CPython, manhajar gudanar da Python wadda kusan kowa ke sauke wa a laftof, tana ƙirga masu riƙe da kowane abu, da ƙirgen ya koma sifiri take rufe fayil ɗin nan take. Sai yaro ya shekara yana buɗewa ba rufewa, bai taɓa ganin illa ba. Ranar da abubuwa biyu suka riƙe juna, ko aka ɗora kod ɗin a kan PyPy, wata manhajar gudanar da Python wadda ba ta wannan ƙirgen, sai asiri ya tonu.

In ka tambaye ni wa ya fi gano bakin zaren, Bjarne Stroustrup ne a C++. Shi ya ce a ɗaure rayuwar fayil da rayuwar abin da ke riƙe da shi: da an fita daga sashen kod ɗin, ta ƙofa ko ta taga, ko kuskure ne ya wullo ka waje, sai ya rufe. Rust, da ta kai siga ta 1.0 a 2015, ta ɗauki wannan ta sa kompaila, mai juya kod zuwa furogiram, ya zama mai gadi. Bambancin da ya fi burge ni shi ne wanda aka ɗora wa nauyin. A Python, kai mai amfani ne za ka tuna da with, in ka manta kod ɗin zai tashi ba ko gyaran murya. A C++ da Rust, wanda ya ƙera abin ne ya rubuta rufewar sau ɗaya, dubun masu amfani kuma sun huta.

Amma kada a ji wannan a ce Malam ya ce kowa ya koma Rust. Na san labarin Discord, masu manhajar hira, da suka bayyana a 2020 cewa sun mayar da wani sashe daga Go zuwa Rust saboda mai sharar Go yana sa shi tangarɗa kusan duk minti biyu. Wannan kamfani ne mai miliyoyin masu shiga. Kai da ke rubuta wa kemis manhajar lissafin magani a Ƙofar Ƙaura, ko ta rijistar ɗalibai, netiwok da wuta za su tsayar da kai sau ɗari kafin mai shara ya tsayar da kai sau ɗaya. Kuma idan ka tafi, samun wanda zai gaji kod ɗin Python ko PHP a garin nan ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Roƙona ga masu koyarwa shi ne, ranar da aka nuna wa ɗalibi open, umarnin buɗe fayil a Python, a nuna masa with a wannan zaman, kada a bari sai ƙarshen zango. Ni dai yaran da ke aiki tare da ni sun sani: wanda ya kawo min kod da haɗi a buɗe ba a cikin with ko try ba, mayar masa nake, ko da ya rantse yana aiki a laftof ɗinsa. A laftof ɗinsa shi kaɗai ke shiga, kuma ba ya kuskuren lambar ɗalibi.