Samarin Zariya, ina za ku da wannan gudu?

Jiya bayan la'asar ina zaune a bakin shagon wani abokina a Tudun Jukun, yaran Islamiyya suna tsallaka titi, sai ga wani yaro a kan babur, wallahi bai kai shekara 16 ba. Ya goyo abokansa biyu, ya cire salansa, ya murɗe totur har ƙarshe. Wata yarinya 'yar kimanin shekara shida, da ɗan hijabinta, hannun babur ya fizgi jakarta, ta faɗa cikin kwata. Allah ne kaɗai ya tsare. Bai tsaya ba. Da ya waiwayo ma dariya yake yi. Har yanzu raina a ɓace yake.

Ƙannena, titin cikin unguwa ba hanyar Kaduna zuwa Kano ba ce. Dokar hanya ta ƙasar nan ta ce kada a wuce kilomita 50 a awa ɗaya a cikin gari, lasin tuƙi kuma sai wanda ya cika shekara 18. To balle lungun da mai ƙosai ke gefe, awaki na gefe, tsoho na dogara sanda zai tafi masallaci. Me kake sauri ka tarar? Sauri ya haifi nawa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mutanen unguwa sun yi iya ƙoƙarinsu. A layinmu karo-karo muka yi, mai ɗari biyar, mai dubu, muka sayi siminti da yashi aka yi tudun rage gudu guda uku. Mai unguwa ya tara iyaye, liman ya yi magana bayan sallar asuba. Ba a yi sati biyu ba aka wayi gari an fasa gefen tudu ɗaya da dare, don kawai babur ya samu inda zai ratsa ba tare da an taka birki ba. Sauran biyun kuwa kauce musu ake yi, a bi ta ƙofar gidajen mutane, daidai inda yara ke wasa. Guminmu ne fa, kuma don ƙannenku muka yi.

Ranar rakiyar amarya ba a magana. Daga Ƙofar Doka har Babban Dodo, wani ya miƙe tsaye a kan babur, wani ya saki hannu, mai mota yana juyi ƙura na tashi, abokai na ɗauka da waya za a sa a TikTok. Wasu kam ba a hayyacinsu suke ba, sun haɗiyi ƙwaya, idonsu jawur, wannan ma wata masifa ce da ke cin unguwanninmu. Ku je Asibitin Gambo Sawaba ko asibitin koyarwa na Shika ku ga samarin da ke kwance da ƙarfe a ƙafa. Ku leƙa zauren masu ɗori. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho.

Sannan in an buge ɗan mutane sai ka ji an ce tsautsayi ne, a yi haƙuri. Wane tsautsayi? Ganganci dai. Allah ya ce a Suratu Luƙman, aya ta 19, ka tsakaita a tafiyarka. A Suratun Nisa'i, aya ta 92, ko kisan kuskure sai da diyya da kaffara, wanda bai samu abin 'yantawa ba ya yi azumin wata biyu a jere. Wannan na kuskure ne fa, ina ga wanda aka yi ta ja wa kunne ya ƙi ji?

Ku ma iyaye, kai da ka miƙa wa ɗan sakandare makulli don ya sayo maka kati, da hannunka a ciki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Jami'an KASTLEA, masu kula da dokar hanya a jihar Kaduna, ba za su tsaya a kowane lungu ba, dole mu tashi tsaye, kowa ya tsawatar da nasa.

Mun taso a garin nan muna ganin mai keke yana sauka in ya zo wuce majalisar dattawa, ya tura kekensa, ya gaishe su, sai ya yi nisa ya sake hawa. Kowane babba uba ne, in ya ja kunnenka ka isa gida a ƙara maka. Jiya da wani dattijo ya ɗaga wa yaron nan hannu, ƙura kawai ya buɗe shi da ita. Baba ya kakkaɓe rigarsa, ya je ya ɗago yarinyar daga cikin kwata.