Dokar da ke cikin kan mutum ɗaya

Daren jiya bayan isha'i muna shan shayi a nan Jidda, ƙanena da ke karatun kwamfuta ya miƙo mini wayarsa. "Yaya, duba min nan. Na bi nahawun yaren kwamfutar harafi da harafi, amma manhajar fassara, mai mayar da rubutuna zuwa abin da na'ura ke ganewa, ta ƙi karɓa." Na duba, layin nasa lafiya lau. Matsalar tana can sama, layi arba'in baya: ya kira sunan da bai gabatar ba.

Wannan abu ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Tun rahoton da ya fayyace yaren kwamfuta na ALGOL 60, salon masana biyu, Backus da Naur, ya ba mu hanyar rubuta siffar jimla tsaf, babu gardama. Sai dai salon ba ya tuna abin da ya wuce. Ba zai iya cewa "gabatar da suna kafin ka kira shi" ba, ko "yawan abin da ka miƙa wa aiki ya zo daidai da yawan da aka ayyana masa". Irin waɗannan sai a zuba su cikin dogon bayani, kowa ya fahimta yadda ya ga dama.

A yaren C, idan ka rubuta a * b. Me ka ce? In an riga an ayyana harafin a da kalmar typedef, wato an mai da shi sunan wani nau'in bayanai, to sabon manuni (abin da ke nuna inda aka ajiye bayani) mai suna b ka gabatar. In ba haka ba, lissafin sau ka yi. Haruffa iri ɗaya, ma'ana biyu, kuma abin da ya gabata ne alƙali.

Duk wanda ya durƙusa gaban malamin nahawu a Makka ko Madina ya san wannan tun kafin ya taɓa kwamfuta. "Zaidun ƙa'imun." Da kalmar Larabci "kana" ta shigo, sai ya koma "kana Zaidun ƙa'iman". Malamanmu ba su ce "ai kunne zai gane" ba. Sun sa wa abin suna, amili, suka rubuta me yake yi da inda aikinsa ya tsaya, har yaro ɗan shekara goma ya haddace. To mu masu harkar kwamfuta me ya hana mu?

Kuma ba rashin kayan aiki ba ne. A 1968 Donald Knuth ya kawo nahawu mai sifofi, inda kowane reshen jimla ke gādon bayani daga sama, yana kuma mayar da nasa. Van Wijngaarden ya gina nahawu mai hawa biyu don ALGOL 68. Na san za a ce rahoton ALGOL 68 ya gagari mutane karantawa, kuma gaskiya ne. Amma a 1990 Milner da Tofte da Harper sun rubuta dokokin yaren Standard ML da ƙa'idojin lissafi a ɗan siririn littafi, masu gina manhajar fassara daban-daban suka dogara da shi.

Ni na ɗanɗana kuɗata. Na yi aiki a wani kamfani mai shirya wa alhazai masauki da motoci. Muna da ɗan ƙaramin yare na cikin gida da ake rubuta tsarin rabon ɗakuna da shi. Dokar cewa idan suna ya zo iri ɗaya, sunan rukuni na ciki yana rufe na waje ba a rubuta ta ko'ina ba, tana cikin kan wanda ya ƙirƙiro yaren, shi kuma ya koma ƙasarsu. Da muka sake rubuta manhajar, muka ɗauka na waje ne ke rinjaye. Saura kwana tara Arfa muka gano an jibge rukuni biyu a bene ɗaya. Tsofaffi da jakunkunansu suna zaune a harabar otal har ƙarfe biyun dare, ni ina gaban allo ina tonon tsohuwar manhaja ina neman dokar da shafi ɗaya ya ishe ta. Wallahi har yau in na tuna wata dattijuwa da ta jingina da akwatinta tana gyangyaɗi, sai in ji nauyi a ƙirjina.

Shi ya sa na ce wa ƙanena, yaren da zai gina a aikin kammala karatunsa, kada ya rubuta layi ɗaya na manhajar fassara sai ya kawo mini dokokin sunaye a takarda: wane suna ake gani a ina, wanne ke rufe wanne. Mun yi da shi ranar Juma'a bayan la'asar.