Ba a zaɓar fim ɗin da ba a gani ba

Tun da mujallar Sight and Sound ta Birtaniya ta fitar da jerinta na fina-finai 100 mafiya kyau a ƙarshen 2022, wasu masu sharhin fim a nan wajenmu suka ɗauke shi tamkar hukuncin da ba a ɗaukaka masa ƙara. Ka ce kana son fim ɗin Indiya ko na Kano, sai a jefo maka jerin, a tambaye ka nawa ka gani a ciki. In ka ce ko ɗaya, shi ke nan, an yanke cewa ba ka san fim ba. Wannan raini ya ishe ni, kuma masu yin sa sun karanta jerin ne a baibai.

Duk shekara goma mujallar ke wannan zaɓe tun daga 1952, inda masu sharhi da masana fim ke kaɗa ƙuri'a. Citizen Kane ya riƙe kambu daga 1962 har 2002, Vertigo ya ƙwace a 2012. A 2022 sai ga Jeanne Dielman, wanda Chantal Akerman 'yar Beljiyam ta yi a 1975: fiye da awa uku kana kallon wata bazawara tana fere dankali, tana wanke-wanke, tana goge takalman ɗanta. A 2012 ko cikin 30 na farko bai shiga ba. Babu abin da aka ƙara wa fim ɗin a tsakani. Masu zaɓen ne suka ƙaru daga 846 zuwa 1,639, kuma a lokacin ya samu a faifai da intanet, duk mai so zai iya zama ya kalla. Masu kukan cewa don mace ta yi shi aka ɗaga shi, su je su kalla tukuna.

Abin da jerin ke aunawa ke nan, wato abin da ya kai ga idon mai zaɓe. A duba Afirka kudu da Sahara. Fim biyu kacal ta samu, dukansu daga Senegal, Touki Bouki na Djibril Diop Mambéty da La Noire de... na Ousmane Sembène, kuma dukansu gidauniyar daraktan Amurka Martin Scorsese ce ta sa aka gyara su aka sake fitar da su. Indiya, da ta fi kowace ƙasa yawan fitar da fim, guda ɗaya ta samu, Pather Panchali na Satyajit Ray. Yanzu mutumin da ya tashi yana layin tikiti a silimar Plaza ko Orion a Kano, wanda yake iya gaya maka mawaƙi da mawaƙiya daga jin kiɗan farko, shi za a ce bai san fim ba? Ya san wani fanni da yawancin masu zaɓen ba su taɓa leƙawa ba.

Abin ya fi ciwo in aka zo gida. Shaihu Umar, fim ɗin Hausa da Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana zaton ya ɓata. Sai a 2016 aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara, aka haska shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Duk tsawon shekarun nan babu mai sharhin da zai iya zaɓarsa, ko da kuwa ya fi kowanne kyau. Oumarou Ganda ɗan Nijar shi ne ya fara cin babbar kyautar bikin fina-finan Afirka na FESPACO a Wagadugu a 1972. Cikin masu ɗaga mana jerin Turawa, nawa ne suka taɓa ganin aikinsa?

Ban ce jerin ba shi da amfani ba. Yaron da ke son koyon ɗaukar hoto zai ƙaru ƙwarai in ya bi shi a hankali. Amma haddace sunaye 100 bai mai da kowa masani ba, kuma sharhin da ake yi mana ya tona asirin haka. Sai a maimaita labarin fim daga farko zuwa ƙarshe, a yabi kayan da jaruma ta sa, a kawo adadin masu kallo a YouTube, a ce an yi sharhi. Ba maganar haske, ba maganar sauti, ba wanda zai ce ga inda marubuci ya saki zaren labari a kashi na goma. Mai irin wannan sharhi ba shi da bakin raina ɗanɗanon kowa, ko ya iya furta sunan daraktan Faransa daidai.

Kannywood ta fara ne da Turmin Danya a 1990, kuma fina-finan shekarun farko a kaset suke, zafi da ƙura na cinye su a shaguna da ɗakunan ajiya. Hukumar Fina-finai ta Najeriya da ke Jos da sassan Hausa na jami'o'inmu su tattara su, a mayar da su kwamfuta tun ana iya ceto wani abu. In an yi haka, sai a tara tsofaffin masu shirya fim da marubuta da 'yan kallo na gaske su fitar da jerinmu, kowa ya rubuta dalilin zaɓinsa a ƙarƙashin sunansa.