Zuciya ta gyaru, yatsa ya ƙi

Wata biyu ke nan da aka canja wa yayata bawul ɗin zuciya (ƙyauren da ke hana jini komawa baya), irin na ƙarfe wanda idan ɗaki ya yi tsit za ka ji yana ƙas-ƙas kamar agogo. Duk wanda ya zo dubiya ƙirji yake tambaya: ɗinki ya kame? Numfashi fa? Babu wanda ya lura ta daina ɗaura ɗankwali da kanta. Ƙaramin yatsanta na hagu da rabin na kusa da shi sun mutu, sai minjirya dare da rana. Ta yi gum, wai kunya take ji ta yi ƙorafin yatsa bayan Allah ya tsallakar da ita.

Da muka gaya wa likita bai yi mamaki ba. A wannan tiyata ana tsaga ƙashin ƙirji a buɗa shi da ƙarfe na tsawon sa'o'i, kuma buɗawar kan ja jijiyoyin da suka sauko daga wuya zuwa hannu. Wani kuma gwiwar hannunsa ce ke dannuwa a kan gadon tiyata. Akwai wanda muryarsa ke dashewa, akwai wanda ƙafarsa ke ja har silifa na zame masa bai sani ba. Ba kowa yake samu ba, kuma yawanci yana warwarewa, sai dai jijiya ba ta gaggawa. Idan ta lalace, kamar milimita 1 take tsirowa a rana.

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne shawarar gida. Gwaggo ta ce, "Ku kira wanzami ya yi mata ƙaho, mataccen jini ne." Ƙaho fa, ga mai shan maganin warfarin kullum don kada jini ya daskare a bawul! Jinin da ba ya saurin tsayawa shi za a tsattsaga?

Ni dai ina ganin duk asibitin da ya sallami mai irin wannan tiyata bai zaunar da 'yan uwansa ya yi musu wannan bayani ba, bai gama aikinsa ba. A faɗa musu idan baki ya karkace, magana ta sarƙe, ko ɓari guda ya saki farat ɗaya, shanyewar jiki ake tsoro, a ruga asibiti a lokacin. Idan yatsa ne ko tafin ƙafa, a sanar da likita ya tura wajen masu fisiyo, wato masu koyar da motsa gaɓoɓi a asibiti.

Yanzu Yaya tana matsa ƙwallon roba safe da yamma, tana tsintar wake ɗaya-ɗaya daga faranti. Shekaranjiya ta ɓalle maɓallin rigar ɗanta da kanta, sai da ta gwada sau uku.